Nata'ala da Tukunyar Toka

Duk wanda ya ci kasuwar 'Yankara zamanin da kuɗin mai suka haukata ƙasar nan ya san Nata'ala mai gyaran rediyo. Gajere ne, ga ƙaton kai, kullum kunnenshi manne da rediyon wani. Boko ko na wuni ɗaya bai yi ba. A Funtuwa ya koyi liƙin dalma, ya dawo gida ya kafa rumfa. Mutum ne wanda in abu bai shiga kanshi ba sai shi tsaya shi saki baki, ko a tsakiyar hanya ne. To wallahi tun da 'yan jami'a suka ɗauke shi aiki bakin nan bai sake rufuwa ba.

Wata rana suka zo da jif, suka gina ɗaki bayan gari, suka kafa wata shirgegiyar fanka bisa dogon ƙarfe. Iska ta juya fanka, fanka ta cika batura, wani akwati kuma ya juya wutar batir ta koma irin ta birni. Akwatin nan shi ne binciken nasu gaba ɗaya. Sun yi irin ɗakin a Sabuwa, sun yi a Ƙanƙara. Babbansu Dokta Harisu, dogo mai saurin magana, shi ya ga hannun Nata'ala a kasuwa ya ce ya yi mishi. Nata'ala ya sai da rumfa da bencin da komai, ya sa kaki. Matarshi Lauratu ta ce, "Malam, ka sai da rumfa don iska?" Ya ce iskar gwamnati ce.

Shekarar farko lafiya lau. Sai ga watan Maris, sai ga babbar mota. Firji uku. Kujeru goma sha biyu, a ɗakin da mutum huɗu ba su iya miƙe ƙafa. Darduma. Sai kwalaye cike da wasu 'yan ƙarafa masu ƙafa uku-uku, waɗanda su ne ran akwatin, daga ƙasar waje ake kawo su.

Nata'ala ya saki baki. "Ranka shi daɗe, biki za a yi?"

"Shekarar kuɗi za ta ƙare," in ji Dokta. "Dole mu kashe abin da aka ba mu kaf. In muka rage, baɗi sai a yanke mana."

"In kun rage a yanke maku?"

"Ƙwarai."

"In kun cinye fa?"

"A ƙara mana."

Nata'ala ya juya maganar nan ta gaba, ya juya ta ta baya, ba ta zamna ba. Shi dai abin da ya tashi ya gani, ko shekarar yunwa ubanshi bai taɓa damin iri. Yara na kuka, damin na rataye, ba mai kallonshi. Ga masu digiri suna cewa wanda ya lashe tukunya shi ne mai hankali.

Abin bai tsaya nan ba. Dokta ya ce 'yan ƙafa ukun ma a ƙarar da su kafin masu duba kaya su zo. Ɗaliban jami'a suka yi ta gwaji, suna ƙona su kamar masu gasa gyaɗa, fat, fat, suna rubutawa a littafi suna dariya. Nata'ala ya ga za a ƙone su kaf. Bai gaya ma kowa ba, daga kowane kwali sai shi zaɓi masu kyau shi sa aljihu. A gida ya naɗe su a takarda, ya samo tukunya, ya zuba toka, ya jera su, ya ƙara toka, ya liƙe baki da laka, daidai yadda ake ajiye irin wake kada ƙwaro shi ci. Ya tura cikin rumbu.

Lauratu ta riƙe ƙugu. "To Malam, damina ta faɗi sai mu shuka? Rediyo za su tsiro ko fitila?"

"Ke dai ki bar min tukunya."

"Sata ce fa."

"Ba sata ba ce. Ajiya ce."

"Mai kayan ya sani?"

Nan ma ya saki baki. Shekara uku yana haka, duk Maris sai tukunya ta ƙaru, duk Maris sai shi kwana yana tambayar kanshi ko ɓarawo ne.

Sai kuɗin mai suka ja baya. Babbar mota ta daina zuwa. Albashi na zuwa a makare, kuɗin aiki kuwa ko kwabo. Ana cikin haka aka yi wata tsawa da yamma, akwati ya yi ƙara ya yi hayaƙi ya mutu. Bayan kwana biyu Dokta ya iso a motar haya, jif ba taya. Ya buɗe akwati, ya dafe kai.

"Malam Nata'ala, mun shiga uku. Jibi kwamiti zai zo duba ɗakunan nan. Wanda aka iske ba shi aiki, rufewa za a yi. 'Yan ƙafa ukun nan sun ƙone, ko da kuɗi sai wata shida."

"In an rufe, ni fa?"

Nata'ala ya tuna rumfarshi, wadda yanzu wani mai sai da takalman roba ke ciki. Ya tahi gida kamar wanda aka aika kiran mutuwa, ya ciro tukunya, ya ɗoro ta a ka, ya dire gaban Dokta, ya fasa lakar.

Dokta ya sa hannu cikin toka ya zaro ɗaya. Ya hura. Ya zaro wani.

"Ina ka samo waɗannan?"

"Naku ne, ranka shi daɗe. Iri na cire."

"Iri? Ai a takarda an ƙone su tun bara waccan! Ni na sa hannu!"

"To a mai da su toka?"

"Kai! Kawo dalma!"

Suka wuni suna liƙi. Dokta na zaginshi yana gode mishi, wani lokaci a numfashi ɗaya, har Nata'ala ya rasa wanne zai amsa. Kafin la'asar fitila ta kama, firji uku suka ɗauki gurnani ba komai cikinsu.

Kwamiti ya zo, mutum huɗu da jakunkuna. Shugabansu wani dattijo mai tabarau ya taɓa firji ya ji sanyi.

"Wata nawa rabon da a aiko maku kuɗin aiki?"

"Goma sha huɗu," in ji Dokta, yana shirin kuka da hali.

"Kuma komai na tafiya?"

"Yana tafiya, amma..."

"Madalla! Madalla!" Dattijo ya rubuta, sauran ma suka rubuta. Suka sha ruwan sanyi suka tahi.

Bayan wata guda takarda ta zo. Dokta ya karanta ma Nata'ala a tsaye. An rufe na Sabuwa, an rufe na Ƙanƙara. Na 'Yankara kuwa an yaba mishi ƙwarai, ya nuna yana iya riƙe kanshi, saboda haka ba za a rufe ba, kuma ba shi da bukatar kason kuɗi, har na albashi. Dokta kuwa an ce shi koma jami'a.

"Ranka shi daɗe, tsaya. An kore ni?"

"A'a."

"Za a biya ni?"

"A'a."

"To ina aiki ko ba ni aiki?"

Dokta ya duba takardar gaba da baya, ya miƙa mishi makulli. "Wallahi Malam, ni ma da digirina ban gane ba."

Haka Nata'ala ya zamna da ɗaki da fanka. Da yunwa ta matsa, ya fara cajin batir ma direbobin kasuwa, Lauratu na ƙulla ruwan sanyi da zoɓo tana sai da wa, kujeru kuma ana haya ranar suna. Da abin da ya samu yake sayen ruwan batir da man shafa ma fanka, saura su ci tuwo. Bai taɓa sanin ko halal ne ko za a zo a kama shi ba, don haka duk motar da ta tsaya bakin ɗakin sai shi miƙe shi gyara kaki.

Shekara biyu bayan nan wata takarda ta zo, malamin firamare ya karanta mishi. Wai jami'a na gayyatarshi taro, shi zo shi koya ma manyan malamai dabarar riƙe wurin bincike ba da kuɗin gwamnati ba. Kuɗin mota kuma shi biya da kanshi.

Lauratu ta yi dariya har da faɗuwa. Nata'ala ya ce ai zai je, in dai za su gaya mishi ko har yanzu ma'aikacinsu ne. Ranar taron ta faɗo ranar kasuwa, batura sun yi layi har waje, bai je ba.