Ɗan Rakiyar da Ya Kasa Faɗuwa

A duk shekarun da na yi ina aikin tafinta a Yamai, ranar da ta ƙi fita daga kaina ita ce wata Talata ta tsakiyar bazara, ranar da aka aike ni in faɗi jarrabawa, na yi iyakar ƙoƙarina, na kasa.

Ku da kuka shigo sana'ar kwanan nan, bari in fara da bayani. Na daɗe ina koyar da Faransanci a kwaleji kafin in ajiye alli in zama mai zaman kansa. A bakin mutanen biro, wato ma'aikatan ofis, mai zaman kansa shi ne wanda ba shi da shugaba. A bakin iyalinsa kuwa, shi ne wanda ake tararwa a gida da hantsi. Tsakaninmu da masu ba da aiki akwai abin da ake kira kabine, wato ofishin da ke samo wa ƙungiyoyi da furoje-furoje na raya ƙasa ma'aikata, ya yanki rabonsa. Idan furoje na son tafinta, ba ya fita nema da kansa. Kabine yake kira, kuma ƙa'idarsu ita ce a kawo musu mutum uku su gana da su, su zaɓi ɗaya, don a ce an yi takara.

Kabinen da na shiga na wata mata ce, Madam Fati, a unguwar Koira Kano. Mace ce mai hangen nesa. Ta lura cewa idan ta bar tafintocinta suka yi takarar gaske, mutum ɗaya zai riƙa cinye komai, sauran su yi fushi su koma wani kabine. Sai ta mai da abin adashe. Duk aikin da ya zo, akwai mai kwasa, akwai ƴan rakiya biyu. Aikin ƴan rakiya shi ne su je, su zauna, su amsa tambayoyi, su faɗi. In ka raka wani yau, gobe a raka ka.

Ni sabo ne a lokacin, ban taɓa zubi ba balle kwasa. Ranar Lahadi ta kira ni.

"Mushe Lawali, ina zafi?"

"Lokacinsa ne, Madam."

"Talata akwai rakiya. Wani furojen allurar awaki ne a ƙauyukan jihar Doso, wata uku a daji. Kwasar Hamani ce. In ka raka shi lafiya, tarukan otel na bakin kogi da ke tafe naka ne. Akwai sanyi, akwai abincin rana."

Na ce na ji, na gode.

"Amma ka saurara. Kada ka faɗi da ƙazanta ka ɓata mini sunan kabine. Kada kuma ka burge kowa. Ka zo na biyu ko na uku, cikin mutunci."

Hamani kuwa abokina ne, Bazabarme ɗan Gudel, ni kuma Bagobiri, kuma akwai wasa tsakanin ƙabilunmu, saboda haka tun ranar da muka san juna ba mu taɓa gaisawa ba tare da zagi ba. Tun damina yake raka mutane, bai kwasa ba. Ya riga ya gaya wa duk unguwarsu cewa zai yi tafiyar aiki. Idan na ci wannan ganawa, na cinye masa layi, na kuma zubar da nawa otel ɗin. Abin da ke gabana ke nan, kuma ban ga wuyarsa ba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana duba takardun ɗalibai ya san hanyoyin faɗuwa fiye da kowa. Na zauna na tsara su kamar darasi: makara, mummunar shiga, gajeren amsa, da gardama da mai tambaya.

Ranar Talata na bar unguwarmu, Lamorde, a makare da gangan. Na sa wata tsohuwar riga da na daina zuwa ko masallaci da ita, da takalmin roba, na ɗora malfa. A kan gada na samu cunkoso, na yi hamdala. Da na isa biron furojen sai na tarar tun safe babu wuta, gurup ɗinsu, wato janareta, ya ƙi tashi, ba a fara komai ba. Ina sa ƙafa a ƙofa wuta ta dawo. Mai gadi ya tashi ya ba ni hannu biyu, ya ce, "Malam, ƙafarka da albarka."

A ɗakin jira na samu Hamani cikin kostim baƙi, wato kwat, ya ɗaure wuya da karabat, gumi na bin wuyansa.

"Bawana, ka iso?" in ji shi. "Zo ka riƙe wa ubangidanka jaka."

Na ce, "Zabarma da karabat! Wa ya kama ka ya ɗaure? Ina turken?"

Ɗan rakiya na biyu shi ne Malam Sanusi, mutumin Damagaram, dattijo mai tsafta, wanda aka ce a tarihin kabinen bai taɓa cin ganawar da ba tasa ba. Ya dube ni daga malfa har takalmi, fuskarsa ta canza.

"Lawali, wa ya ba ka shawarar wannan shiga?"

"Dabara ce, Malam."

"Inna lillahi. Furojen awaki ka zo wa da malfa?"

Kafin ya ƙara wani abu aka kira shi. Bai daɗe ba ya fito yana murmushin wanda ya sauke farali. Hamani ya shiga, ya daɗe, muna jiyo muryarsa ta bango yana jero digirorinsa. Sannan aka kira ni.

Mutum biyu ne a teburin. Shugabar furojen, wata Baturiya da rana ta riga ta gasa wa hanci, ba ta jin Hausa. Sai likitan dabbobi, wani Ba'adare mai ƙaramin gemu da kowa ke kira Dakta, wanda da shi za a yi yawon ƙauyukan. Shugabar ta ga malfata, ta dafa ƙirji, ta ce da Faransanci, "A ƙarshe ga wanda ya san inda za mu."

Sai a lokacin na gane abin da Malam Sanusi yake nufi.

Ta tambaye ni ko na iya aiki da ordinater, wato kwamfuta. Na ce sam, ko kunna ta ban iya ba, Allah Ya yafe mini. Ta ce madalla, inda za a je babu wuta, kuma wanda ya fara shigowa sai da ya tambaye su inda zai riƙa caja tasa. Ta tambaye ni me ya ja ra'ayina ga furojen. Na ce babu abin da ya ja shi, kuma a ganina matan ƙauye ba za su kawo awakinsu ba, don duk wanda ya zo da farar mota yana ƙirga dabbobi, haraji ake zaton ya kawo. Na jira ta ɓata rai. Sai ta jawo bik ta yi rubutu mai tsawo, ta juya ta ce wa Dakta, shekara guda tana jiran wanda zai gaya mata haka.

Daga nan aka zo gwaji. Dakta zai zama mai gari, ita za ta yi jawabi, ni in fassara. Ta miƙe tsaye ta yi jawabin da na tabbata ta sha yin sa a gaban masu ba da kuɗi: ƙarfafa juriyar al'umma, dauwamammen ci gaba, shigar da mata cikin harkar arziki, haɗin gwiwa tun daga tushe. Ta yi ta yi har ta sha ruwa a tsakiya. Na ga dama ta samu. Babu laifin da ya fi girma a wurin tafinta kamar ya haɗiye maganar mai magana. Da ta gama na juya wajen Dakta na ce:

"Ranka ya daɗe, ta ce a kawo awaki ranar kasuwa a yi musu allura. Kyauta ne."

Shugabar ta tsaya tana jiran sauran. Ta tambayi Dakta, shi ke nan? Dakta ya cire tabarau ya goge, ya ce mata tun da ya fara aiki da ita, yau ne ya fahimci abin da furojen yake yi.

A nan na fara tsorata da gaske. Na bar tsarin darasi na koma roƙo. Na ce mata ni fa tsoho ne, gwiwata ba ta son mota. Ta ce za a ba ni gidan gaba. Na ce mutumin da ya fita kafin ni ya fi ni Zabarmanci nesa ba kusa ba, ya fi ni ƙuruciya, shi ya dace su ɗauka. Ta sake rubutu, na leƙa na ga ta rubuta tawali'u ta ja masa layi biyu. Da na ga ƙasa na ƙarewa, sai na faɗi abin da har yau nake jin kunyarsa.

"Madam, ina tsoron awaki."

Ta ajiye bik. Ta dubi Dakta, Dakta ya dubi silin. Ashe tafintan da suka rabu da shi son awaki ne ya kore shi. Kowane ƙauye aka je sai ya sayi ɗaya don kiwo, har ta kai ana dawowa Yamai da akwatin allura a kan cinya, awakinsa a bayan mota suna cin rahoton wata. Ta miƙo mini hannu ta ce za su kira kabine.

Dakta ya biyo ni har baranda, ya rage murya.

"Malam, rakiya ka zo, ko?"

Na ce, "Dakta, don girman Allah, ka rage mini maki."

"Ni ma na yi rakiya kafin in samu kujerar nan. Ban taɓa ganin wanda ya lalata ta kamarka ba." Ya yi dariya har da riƙe bango. "Ka yi haƙuri. Ni zan zauna cikin rana wata uku ina jiran a gama fassara. Mai gajeren baki nake so."

A ƙofar waje Hamani da Malam Sanusi na jirana a inuwar wata bishiyar bedi. Hamani ya kwance karabat ya saƙale a aljihu.

"Yaya? Ka faɗi da kyau?"

Na ce, "Hamani, kala suru." Iyakar Zabarmancin da ya zo bakina ke nan, wato ka yi haƙuri.

A karo na farko tun da na san shi bai zage ni ba, kuma wannan ya fi mini zagin ciwo. Ya ce, "Na riga na yi bankwana da surukaina, Lawali." Ya tare taksi ya tafi.

Malam Sanusi ya kama hannuna kamar mai ta'aziyya. Ya ce, "Kai malamin makaranta ne, shi ya sa. Faɗuwar yara ka sani. Ni da na shiga, na gaishe su da Faransancin da ya fi nasu. Na tambaya ko motar tana da sanyi. Na tambayi kuɗin kwana. Na tambaya ko za a riƙa dawowa Yamai kowace Juma'a. Suka ce ƙwararre ne, amma ba namu ba. Haka ake faɗuwa, a bar ka da darajarka."

Washegari Madam Fati ta kira mu biro, ni da Hamani. Na tafi ina shirya jawabin neman gafara. Na same ta cikin fara'a tana shan shayi, don ita ko wa aka ɗauka cikinmu rabonta bai ragu ba. Na ce zan janye. Ta ce in na janye, furojen zai koma wani kabine, kuma daga ranar in manta da lambarta. Ta yanke hukunci a taƙaice: tunda na ci layin Hamani, Hamani zai ci nawa. Ni awaki, shi otel.

Hamani ya lissafa abin a zuci. Na ga fuskarsa tana washewa a hankali kamar gari bayan hadari.

"Madam, wannan otel ɗin da ake ba da nama iri uku?"

"Shi."

Ya juyo gare ni. "Bawan kirki. Allah Ya yi maka albarka. Ka gaida awaki."

Na yi wata ukun nan cif. An tunkuye ni a Doso, an tunkuye ni a Dogon Dutsi, an ci mini gefen riga a wani ƙauye da ban riƙe sunansa ba. Duk inda muka samu rezon waya, sai wayata ta yi ƙara, in duba in ga hoton farantin Hamani, ba ko gaisuwa.

Da na dawo, Madam Fati ta ce ba za ta sake sa ni rakiya ba sai Malam Sanusi ya shaida na iya, don ba za ta bar mutum mai haɗari irina ya riƙa yawo cikin adashenta ba. Haka na riƙa zuwa gidansa da la'asar, da furfurata, yana zama shugaban furoje ina shigowa ina gaishe shi, yana cewa, "Koma. Ka yi kama da mai amfani."

Abin da nake so ku riƙe, ku matasa, shi ne wannan. Masu ɗaukar aiki sun gaji da mutanen da ke son burge su, har ta kai duk wanda ya shigo bai damu ba, sai su ga kamar shi suke nema tun fil azal. Kabine kuma ba ya faɗuwa, ko wa ya ci. Mu ne ke da abin rasawa, kuma yawancinsa ba aikin ba ne, mutanen da za ka sake zama da su a ɗakin jira ne mako mai zuwa. Saboda haka in an sa ku rakiya, ku ɗauke ta da muhimmanci, ku goge takalmi, ku tambayi sanyin mota. Ni dai tun da Malam Sanusi ya sallame ni na raka mutane da dama, kuma alhamdu lillahi, ba a sake kama ni da laifin cancanta ba.