Awa uku daga Penang zuwa Kota Kinabalu

Ummanmu tana da wata ɗabi'a: in ɗanta ya hau hanya, ba ta sa abinci a baki sai ta ji ya sauka. Ga ta da ciwon suga. Mun yi magiya har mun gaji.

Shekarata ta biyu a Kuala Lumpur, wani ɗan ajinmu ya gayyace ni bikin yayarsa a Kota Kinabalu. Daga Penang za mu tashi, don a can danginsa za su haɗu. Ina zaune a shagon mai shayi, mamak suke ce masa, na ƙasan gidanmu a Danau Kota, shayi na hucewa, na buɗe taswira a waya. Garuruwa biyu a bakin teku, tsakaninsu ruwa iya ganinka, wai kuma awa uku kacal a jirgin sama. Abin ya ɗaure min kai. Ni da na saba awa uku ba ta kai ni Kaduna daga Kano in hanya ta ɓaci.

Nan take na kira Umma, ina ɗokin ba ta labarin tekun da za mu tsallake.

"Kamar daga ina zuwa ina?" ta tambaya.

"Umma, ya fi Kano zuwa Legas nisa, nesa ba kusa ba!"

Burga ta ɗebe ni, na faɗi nisan, na manta ban faɗi awannin ba. Ita kuwa Legas a wurinta wuni ne da kwana a mota.

Ranar tafiya na manne da taga kamar ɗan ƙauye, ina neman inda ruwan ya ƙare. Muka sauka, aka wuce da mu gidan biki, aka cika ni da kifi. Na ce a raina Umma ta san jirgi ne, ai ta yi lissafi.

Washegari da la'asar ƙanwata ta kira cikin haushi.

"Yaya, kai wane irin mutum ne? Tun jiya ruwa kawai take sha. Ta ce ba a damun matafiyi a hanya, ta hana mu kiranka. Yanzu jiri ya kwantar da ita."

Kunya da tsoro suka rufe ni lokaci guda. Na ce a ba ta wayar, na ƙi cewa komai sai da na ji ƙarar cokali a kofin koko.

"Umma, tun jiya na sauka. Awa uku ce fa."

Na ji ta ajiye cokalin.

"Duk ruwan nan, awa uku?"

"Wallahi."

"To daga nan zuwa gida fa?"

Na ce bai kai kwana biyu ba, har da jiran canjin jirgi.

"Ikon Allah," in ji ta, tana kurɓa a hankali. "Ni da na ga shekara biyu ba ka zo ba, na ɗauka nisa ne."