Murfin da Ba Namu Ba

Ni dai ban taɓa son jeren Inna ba. Langa ce da samira da kwalla, duk na da, wasu fentinsu ya ɗaye har baƙin ƙarfen ya leƙo. Duk jajibirin Sallah sai an sauke su daga kwaba, a wanke ɗaya bayan ɗaya, a shanya, a goge, a sake jerawa. Mai wankin kuwa ni ce. Ba a zuba abinci a cikinsu sai ran Sallah, shi ma ba mu ke ci ba, maƙwabta ake kai wa.

Da zaman Kucheri ya gagara muka dawo Gusau, ɗaki ɗaya a Tudun Wada. Inna ta bar turmi, ta bar gadon ƙarfe, amma jere ya shiga mota har da kwabarsa. Ni na rungumi kwalla a cinya tun daga Tsafe.

Abin da ya fi ba ni haushi, kusan kowace langa murfinta ba nata ba ne. Ja a kan shuɗiya, mai fure a kan mai zane. A ƙauye ran Sallah kowane gida yana aika wa kowane gida abinci, kwanuka su taru a tsakar gida, a juye, a zuba na gidan, murfin da hannu ya kai kansa shi ake rufewa da shi. Shekara da shekaru haka, ba mai bin sawu.

Sallarmu ta farko a Gusau na zauna na haɗa su launi da launi. Inna ta shigo ta tsaya.

"Wa ya sa ki?"

"Ba wanda ya sa ni. Ido gare ni."

Ta bi su tana cirewa. "Wanga na matar liman ne, Allah ya jiƙanta. Wanga na mai ƙosai. Wanga na gidan maƙera."

"To a mayar musu mana."

"A mayar ina?"

Mutanen sun watse, wasu Tsafe, wasu inda ba mu sani ba, wasu ƙasa ta rufe. A Gusau kuwa in ka kai langa, a wanke take dawowa, da murfinta daidai. Inna takan duba ta ce, "Mutanen birni akwai tsafta," da muryar da ake gaisuwar mutuwa.

Ana cikin azumin bara aka kira ni a waya. Ɗiyar Goggo ce. Goggo ita ce tsohuwar da katanga ɗaya ta raba gidanmu da nata a Kucheri, yanzu tana wurin ɗanta a Bungudu. Wai Goggo ta ce a maido mata murfinta, shuɗin nan mai fure rawaya.

Na faɗa wa Inna. Ranar kunu kawai ta sha, ta ture ƙosai.

"Mi na yi mata?"

"Inna, murfinta ne, ta ce a ba ta. Ina abin yake?"

"Ke ba ki san komai ba. Tunda muke ban taɓa jin wadda ta nemi murfinta ba, sai in ta gama da gidanku."

Na ce ta kira ta tambaya. Ta ce ita ba yarinya ba ce.

Ran Sallah ta soya masa ta zuba a langa, ta rufe da shuɗin murfin, ta ɗaure da tsohon ɗankwali, miyar taushe a gefe. Ta ce in kai Bungudu. Kowa na yawon Sallah da sabon ɗinki, ni ina motar haya da miya tana ɗiga mini a atamfa.

Na tarar da Goggo a kan tabarma, ta rame. Ta kwance ɗaurin, ta ɗauki murfin ta ajiye gefe ko kallonsa ba ta yi ba. Ta juye masar, ta zuba tuwon shinkafarta, ta lalubo wani koren murfi mai lotsawa ta kifa a kai. Namu kuwa, ainihin na langar, ga shi can a jerenta ina kallo.

"Goggo, ga namu can."

"Na gan shi. Ni na aje shi."

"To?"

"To mi? Ke har yau bakinki bai mutu ba?"

"To don me kika ce a kawo naki? Inna ko barcin kirki ba ta yi."

"In ban ce a kawo murfi ba, wa za ya zo? Uwarki sai waya, ina kwana, ina gajiya. Waya na kawo masa?" Ta gutsuri ɗaya ta tauna. "Kanwa ta yi yawa, ta rage. Ki faɗa mata."

Da na dawo, Inna na bakin ƙofa. Ba ta tambayi hanya ba, ba ta tambayi jikin Goggo ba. Ta karɓi langar ta kwance ɗankwalin. Ta daɗe tana juya koren murfin.

"Wanga ma ba nata ba ne," ta ce. "Na kishiyar mai unguwa ne."

Sai ta zauna nan bakin ƙofa ta cinye tuwon, da sanyinsa, ba ta ce mini bismilla ba.