Agogon Kawu

Jiya a kasuwar Samaru mai gyaran agogo ya gwada ƙararrawar wani tsohon agogon tebur, sai na tsaya cak. Irin na marigayi Kawu ne, yayan mahaifiyata.

Sau biyu ina faɗuwa jarrabawar zama ƙwararriyar akanta, kullum lokaci ke ƙare mini. A ofis kuma an ce in na sake faɗuwa, wani za a ba kujerata. Shi ne Kawu ya ce duk Asabar in zo gidansa a Muciya da tsofaffin tambayoyi. Yakan murɗa agogon ya dire a gabana, ya zauna yana jan carbi, ɗakin duk warin man zafi. Awa uku babu mai tari.

Asabar ta ƙarshe ƙararrawar ta kaɗa ina tsakiyar amsa. Ya zare takardar.

"Kawu, don Allah minti biyu."

"A ɗakin jarrabawa ba ki da kawu."

Na fita ko sallama ban yi masa ba. Na ci jarrabawar, amma sakamakon bai riske shi ba.

Allah Ya yi masa sassaucin da ya hana ni.