Asabar ɗin da Clarrie Ya Saki Birki

Clarrie Noack ya haura shekara sittin lokacin da ya zo neman aikin tuƙa keken giya. Ni na fara ganinsa, ina wanke kofuna a rumfar da muke ajiye kekunan a bayan titin Gouger. Ya shigo da baƙin takalmi mai sheƙi, rigarsa a soke cikin wando, ya tsaya yana ƙare wa keken kallo. Dogon kanta ne a kan tayoyi huɗu, da rufi, da kujeru a jere hagu da dama, kowace kujera da fedarta. Masu sha su ne injin. Direba yana gaba da sitiyari da birki, shi kaɗai ne ba ya taɓa kwalba, ni kuma ina tsaye a tsakiya ina zuba wa mutane.

Mai kamfanin ya tambaye shi abin da ya taɓa tuƙawa.

"Motar ɗaukar gawa," in ji Clarrie. "Tun ina saurayi."

"To, nan fa fasinjojin suna magana."

"Abin da ya kawo ni ke nan."

Haifaffen ƙauyen Eudunda ne, ɗan manomin alkama. Ƙanin babansa ne ya kawo shi Adelaide ya sa shi a sana'ar jana'iza, ya kuwa zauna a cikinta har furfura ta cim masa. Da matarsa Joylene ta rasu, shi ya tuƙa ta da kansa zuwa maƙabarta, ya dawo ya ajiye makullin motar, bai sake ɗauka ba. 'Yarsa tana Darwin da mijinta. Ya ce mini shirun gidan ne ya kore shi, ya zo neman inda ake hayaniya.

Ya kuwa samu. Samari masu rakiyar ango sukan yi ta buga kanta suna cewa, "Baba, ka ƙara wuta mana, kunkuru ya wuce mu." Shi kuma ya ce, "Ƙafafun naku ne, yallaɓai, nawa juyawa ce kawai." Ƙawayen amarya sukan ɗora masa hular takarda su ɗauki hoto da shi, ba ya hanawa, ba ya kuma dariya sosai. Kowa yallaɓai ne ko madam a bakinsa, ko da mutum ya bugu ya kasa gane takalminsa. Shayi yake sha a ɗan gorarsa. A hannunsa ban taɓa ganin giya ta fantsama daga kofi saboda birki ba. Har suna muka sa masa, Fasto.

A bazararsa ta biyu ne iyalan Lepore suka ɗauki keken, wata Asabar da rana, ana zafi mai tsanani. Tsohonsu Carmine ne ya cika tamanin. Manomin tumatir ne daga Virginia da ke bayan garin Adelaide, gajere, mai faɗin tafin hannu. Ya zo da matarsa Assunta cikin baƙar riga, da 'ya'yansa maza biyu, Sam da Rocco, da 'yarsa Pina wadda ta shirya komai, da jikoki manya-manya. Tun kafin su hau Pina ta ja ni gefe.

"Don Allah ki zaunar da Sam a dama, Rocco a hagu. Sun fi shekara goma ba sa magana, tun rigimar gona. Da ƙyar na haɗa su."

Na nuna wa tsohon bencin baya, wanda ba shi da feda. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Yarinya, ina tuƙa keke zuwa kasuwa da kwandon tumatir tun ba a haifi uwarki ba."

Shekarata hamsin da ɗoriya a lokacin, amma na bar shi. Ya zauna a kujerar farko, dab da bayan Clarrie, Assunta a gefensa, ƙafarta ko fedar ba ta kaiwa. Muka tashi. Suka fito da burodi da busasshen nama da zaitun suka baza a kan kanta. Tsohon ya zaro wata kwalbar giyar inabi da ya haɗa da kansa, wadda bai kamata ta hau kekenmu ba, na kau da kai. Yana taka feda yana zagin jikokinsa da ragwanci, su kuma suna ce masa, "Nonno, a hankali, kada ka bar mu a baya."

Mun wuce babban dandali sai Pina ta ce in kashe kiɗa. Sam ya ɗauko wata tsohuwar waƙar ƙauyen iyayensu, da yaren ƙasarsu ta asali, doguwa, mai baiti bayan baiti. Can sai na ji wata murya daga hagu ta karɓa. Rocco ne. Bai dubi wansa ba, amma ya karɓa. Pina ta rufe baki da hannu. Kowa ya shiga, masu iya yaren da waɗanda ba su iya ba. Tsohon ya ɗora kai a kan hannunsa bisa kanta, hularsa ta rufe masa fuska. Wata jikarsa ta ce Nonno ya sha ya yi barci, ta ɗora masa kambin takarda, ta ɗauki hoto, aka yi dariya.

A wata jar fitila kusa da shiga titin Hutt Clarrie ya waiga, ya daɗe yana kallon tsohon, sannan ya kira ni a hankali.

"Raelene, duba mini kunnen mutumin nan."

"Barci yake, Fasto."

"Duba dai."

Na matsa da kofin ruwa kamar zan ba shi. Kunnen ya yi toka-toka. Na ɗaga hular kaɗan, na ga ido rabi a buɗe, leɓe ya canja. Kafin in buɗe baki Assunta ta damƙe mini wuyan hannu. Ban taɓa zaton tsohuwa tana da irin wannan ƙarfi ba.

"Na sani," ta ce. "Tun bayan dandali."

Ɗaya hannun nata yana riƙe da nasa a ƙarƙashin kanta. Fuskarta ba hawaye. Clarrie ya miƙo yatsu biyu ya ɗora a wuyan tsohon, ya jira, ya janye.

"Madam, a sauke shi ƙasa yanzu. Ƙila a yi wani abu."

"Zuciyarsa ta ƙare tun bara, likita ya gaya mana. Shi da bakinsa ya ce kada a danne masa ƙirji a titi kamar ƙullun burodi." Ta matso da bakinta kusa da kunnen Clarrie. "Kana jin yaran nan? Ka bar su su ƙare waƙar. Ina roƙonka."

Fitila ta koma kore. Motocin baya suka fara hon. Ni ina jiran Clarrie ya miƙe ya tsayar da komai, domin abin da aka koya mana ke nan, kuma abin da kowane mai hankali zai yi ke nan. Sai ya ce mini, ba tare da ya dube ni ba, "Kira motar asibiti. Ki ce su same mu a bakin lambun shaƙatawa, ƙarshen titin nan." Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Ya saki birki.

"Ku taka," ya ce wa iyalin.

Suka kuwa taka. Na durƙusa a bayan tulun giya na yi wayar. Da na miƙe, keken yana gangarawa a hankali tsakanin gidajen shayi, mutane zaune a waje ƙarƙashin lema. Suka ga balan-balan da lambar tamanin, suka shiga tafi suna ɗaga kofuna. Wani ya ƙwala wa tsohon fatan ƙarin shekaru. Jikokin suna ɗaga musu hannu. Sam yana buga kanta da tafinsa, Rocco ya rufe ido yana jan baiti, ƙafafunsu suna tura gawar ubansu ba su sani ba. Wani jikan ya miƙo mini kofi, na cika masa, rabi ya zube a hannuna. Ya ce, "Anti, ke ma kin taɓa ko?"

Tafiyar ba ta da nisa, amma ban taɓa yin mai tsawonta ba. Assunta tana motsa leɓe tare da su. Clarrie yana zaune a miƙe, hannu biyu a sitiyari, yana kauce wa kowane rami.

Waƙar ta ƙare muna isowa inuwar bishiyoyin lambu, daidai lokacin da aka fara jin jiniya. Clarrie ya ja birki, ya sauko, ya zagayo inda kowa zai gan shi.

"Iyalan Lepore, ku ajiye kofunanku. Mahaifinku ya rasu."

Rocco ya yi dariya, ya ɗauka irin wasan direbobi ne. Ya miƙa hannu ya girgiza kafaɗar tsohon, sai kambin takardar ya faɗi, kan ya karkata gefe. Ba wanda ya yi ihu da farko. Kowa ya tsaya yadda yake, wata da burodi a baki. Ma'aikatan asibiti suka iso, suka sauke tsohon kan ciyawa, suka yi abin da za su yi, suka tsaya. Ɗayansu ya tambayi yaushe aka fara lura. Na buɗe baki, Clarrie ya riga ni.

"A fitilar can sama. Ni na gani, ni na ci gaba da tafiya."

Sam ya taho ya kai masa naushi a baki. Clarrie ya faɗi zaune a kan ciyawa, jini yana zuba a farar rigarsa, bai ɗaga hannu ya kare kansa ba. Rocco ne ya riƙe Sam ta baya.

"Ni na sa shi," in ji Assunta daga kan keken, domin har lokacin ba ta sauko ba. "Na sani tun kafin shi."

Pina ta juyo tana kallon uwarta kamar ba ta taɓa ganinta ba. "Mamma, muna ɗaukar hoto da shi. Kina kallo muna ɗaukar hoto da shi."

Tsohuwar ta ce, "E."

'Yan sanda sun yi mana tambayoyi a ranar, sun sake kiranmu daga baya. Kamfani ya dakatar da Clarrie har rahoton likita ya fito. Rahoton ya ce zuciyar ta tsaya ne farat ɗaya, kuma da wuya a ce wani abu zai dawo da ita, amma bai ce ba zai yiwu ba sam. Ba a tuhumi kowa ba. Clarrie bai kai ƙarar Sam ba. Mai kamfanin ya yi masa faɗa sosai, ya mayar da shi bakin aiki, ya kuma kafa doka cewa duk wanda ya kifa kai a kanta a tashe shi nan take.

Ni na yi makonni ban hau keke ba. Ranar da na dawo, na same shi yana goge sitiyari, leɓensa da tabon ɗinki.

"Da ubana ne, Fasto, da ban yafe maka ba."

"Na sani," ya ce.

"Shi ke nan abin da za ka ce?"

"Ba ni da wani."

Iyalin ba su gayyace mu jana'iza ba. Na ji daga wata mai sayar da kayan miya a kasuwa cewa Pina ta goge hotunan duka, ta kuma daɗe ba ta taka gidan uwarta ba. Sam da Rocco suna gaisawa yanzu, in ji ta, amma gonar tana nan a rabe da shinge. Assunta kuwa ba ta taɓa ba kowa haƙuri ba.

Clarrie ya ƙara bazara biyu tare da mu kafin gwiwa ta hana shi hawa da sauka. Ya sayar da gidansa ya koma Port Victoria a bakin teku, ya sayi ƙaramin kwalekwale yana kamun kifi. Na kai masa ziyara bara. Ya rame, ya yi duhu da rana, yana yawo da silifa. Muna zaune a bakin gadar jirage na tambaye shi ko da za a maimaita ranar zai sake sakin birkin.

Ya gyara ƙugiya, ya jefa igiyar kamun kifi cikin ruwa.

"Wani lokaci in ce e, wani lokaci in tashi da asuba in ce me na yi. Na ga matan da suka rasa miji ba iyaka, Raelene. Duk sai an gama komai ake kira na. Ban taɓa kasancewa a wurin ba tun abin yana faruwa, ban san yadda ake yi ba."

Igiyar ta motsa. Ya miƙe da ƙyar yana jan ta, ya ce in matso masa da bokiti.