Hoton da Aka Ɗinke a Laya

Shekara talatin Chindo ya yi yana haƙar rijiya daga Dogarawa har Tajaye, kuma bai taɓa shiga rami ba sai ya zura fitila ya ga ko za ta mutu. Mutum ne mai taurin kai, wallahi ko jaki albarka. Da ƙullutu ya fito masa a wuya, sai da ya kai girman goruba kafin matarsa Nasiba ta ja shi Sakkwato. Can aka saka shi cikin sikana, na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki, aka ce daji ne.

A Yamai aka fara masa magani ta jijiya. Kai, maganin nan bai da imani! Gashi ya zube, tuwo ya koma masa kamar ƙasa, mutumin da ke fasa dutse da diga ya kasa ɗaga buta. Bayan zuwa na huɗu ya rantse: in sabon hoto bai nuna sauƙi ba, gida zai koma ya jira ikon Allah.

Ranar hoton, likita Mas'udu ya manna sabon a jikin fitilar duba hoto ya miƙo hannu.

"Ina na Sakkwato? Sai na gwada su biyun zan san ko magani yana ci."

Nasiba ta zaro shi daga leda. Likita ya ɗaga shi. A tsakiyar hoton, daidai inda aka zagaye ƙullutun da jan biro, akwai rami mai kusurwa huɗu. An yanke wurin da almakashi.

"Wa ya yi wannan?"

Chindo ya dubi matarsa. Ita kuwa ƙasa take kallo.

"Malamin garinmu na kai ma," in ji ta. "Ya ce a ɗaure cutar wuri guda. Ya yi tofi, baduku ya ɗinke."

Ashe layar da ke damtsensa wata uku ke nan, ita ce.

Likita bai yi faɗa ba, shi ya fi tsoratar da Chindo. Ya ce ba su da wani kwafi a nan. Ya nuna tsakiyar ƙullutun a sabon hoto, wani wuri mai duhu: jini bai cika kaiwa can ba, iska ta yi ƙaranci, magani kan sha wuya kafin ya yi aiki. Wannan kam Chindo ya gane, ya san ƙasan rijiyar da ke kashe fitila.

"A kwance layar," in ji Chindo.

"Malam ya ce in an buɗe, cutar za ta watsu!" in ji Nasiba. "Baban Latifa, ka rufa mini asiri."

"To in koma gida ban sani ba? Nasiba, na gaji. Tsoro nike ji."

Tunda aka ɗaura musu aure ba ta taɓa jin wannan kalma a bakinsa ba. Ta karɓi reza daga hannun likita, ita da kanta ta farke ɗinkin, tana kuka tana bisimilla.

Guntun ya fito a lanƙwashe, zufa ta ci gefensa. Likita ya danne shi a fitila, ya auna, ya sake aunawa. Chindo ya riƙe bakin kujera.

"Gefe ya ja baya sosai," in ji likita. "Amma da saura. Tsakiyar ce ba ta motsa ba. Sai mun ƙara da gasa wurin da hasken na'ura, ka zauna nan mako bakwai."

Mako bakwai, ga damina a bakin ƙofa. Chindo ya daɗe yana kallon duhun nan da ke cikin wuyansa.

"Kira gida," ya ce wa Nasiba. "Ki ce su yi shuka, kada su jira ni."