Finjalin Maiwada Kuku

Maiwada mutumin Kudan ne, kuma shekara uku ya yi yana kuku a sansanin Turawan Italiya da suka zo aikin hanya bayan samun 'yancin kai. A can ya koyi dafa gahawar da suke kira esfireso. Da aiki ya ƙare a 1963, maigidansa ya bar masa butar dafa ta, da finjali biyu, kowanne bai fi ɓawon ƙwai ba.

Butar hawa uku ce. Ruwa a ƙasa, garin gahawa mai laushi a tsakiya, sama kuma wayam. In aka ɗora ta a gawayi, tururi ne ke tura ruwan ya ratsa garin ya hau sama, baƙi ƙirin. Da ta fara gurnani sai a sauke. Maiwada bai taɓa barin ta ƙara ko minti ɗaya ba.

A lokacin yana neman auren Lantana, wata bazawara mai sayar da nono a kasuwar Makarfi. Yayanta, Malam Mamuda, mai shanu ne a Furana, shi ne kuma waliyyinta. Ya ce sai ya ga gidan mutumin da idonsa.

Ranar da ya zo, Maiwada ya shimfiɗa sabuwar tabarma, aka gaisa har aka tambayi lafiyar shanu. Sannan ya yi masa karramawar da ya ga ana yi wa manyan injiniyoyi: ya kawo finjali ɗaya a kan faranti.

Malam Mamuda ya leƙa ciki. "Wannan ɗanɗano ne, kafin a kawo?"

"Shi ke nan duka, Malam. Haka ake shan sa."

Ya kurɓe a baki ɗaya, ya yamutsa fuska, ya nemi takalmansa. A gida ya gaya wa ƙanwarsa cewa mutumin da ke auna wa baƙo ruwan ɗaci da murfin kwalba, matarsa da cokali zai auna mata dawa. Magana ta mutu.

Lantana dai ba ta yarda maganar ta mutu ba. Ta aika wa Maiwada ƙwaryar madara, tatsar safiya, da saƙo: ya sake gayyatar Yaya, kuma kada ya kuskura ya fito da abin wasan yaran nan.

Maiwada ya tuna abin da Turawan ke sha da safe. Ya ɗumama madarar, ya burga ta da maburgin miya har kumfa ya taso, ya jefa mazarƙwaila. Ya juye finjali ɗaya tak na gahawa a babban kwano, ya cika da madara.

Malam Mamuda ya riƙe kwanon hannu biyu, ya sha har kumfa ya hau gashin bakinsa.

"To, yanzu na ga hannunka. Madarar nan fa, ta shanun kirki ce. A ina ka samo?"

"Wajen wani mutumin Furana, Malam. Ba ya wasa da kiwo."

"Ya nuna," in ji Malam Mamuda.

An ɗaura aure bayan girbi. Shekara talatin Malam Mamuda yana zuwa shan kwanonsa duk ranar kasuwa, yana yabon surukinsa da sakin hannu. Lantana kuwa kullum sai ta biya ta rugar yayan nata ta karɓo madarar tun da safe.